Mu sayo kayan gwaji ko mu tura malamai bita? Amsa ga wata shugabar makaranta a Jos

"Assalamu alaikum Malam. Ni shugabar wata makarantar al'umma ce a nan Jos, muna da firamare da ƙaramar sakandare. Ƙungiyar iyaye da malamai ta tara mana ɗan kuɗi don a gyara koyar da kimiyya, domin yaranmu sun iya haddace ma'anoni amma ko ƙwayar wake ba su taɓa shukawa a makaranta ba. Kwamiti ya rabu biyu, wasu sun ce a sayo kayan ɗakin gwaje-gwaje, wasu sun ce a tura malamai bita. Ni kuma na sha tura malamai bita su dawo da satifiket da jaka, aji bai canja ba. Ajinmu yakan kai yara 70. Wane irin horo ne yake sa malami ya koyar da kimiyya a aikace, kuma da me za mu fara?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, Allah ya saka muku da alheri, ke da iyayen da suka matse bakin aljihu suka tara kuɗin nan a irin wannan yanayi. In na fahimce ki, tambaya biyu kika haɗa: ina kuɗin zai fi amfani, kuma me ya sa a bitar da aka yi ta yi a baya kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. A kan ta biyun zan fi daɗewa, domin in an gane ta, ta farkon ba ta da wuya.

Ra'ayina shi ne mafi yawan kuɗin ya tafi ga malamai, amma ba irin bitar da kika saba tura su ba. Kaya kuma a sayi kaɗan, irin wanda hannun yara zai riƙa taɓawa kowane mako. Bari in fara da abin da ya kai ni ga wannan ra'ayi.

Ruwan da ya ƙi kaiwa ɗari

Na daɗe ina aikin horar da malaman firamare da na ƙaramar sakandare, kuma akwai gwajin da nake buɗe zama da shi duk sa'ad da aka kira ni wata makaranta a garin nan. Risho ɗaya, ƙaramar tukunya, da ma'aunin zafi irin na ɗakin gwaji mai kaiwa digiri 110. Kafin a kunna wuta nakan tambaya: a digiri nawa ruwa yake tafasa? Ɗakin gaba ɗaya yakan amsa, ɗari. Sai in ce kowa ya rubuta a takardarsa. A ɗora ruwa, in miƙa wa ɗaya daga cikinsu ma'aunin.

Jan layin yakan hau da sauri, 70, 80, 90, sai ya fara jan ƙafa, ya tsaya wajen 96. Ruwa yana ta zaɓaɓɓaka, tururi yana dukan fuska, layi ya kafe. A nan ake ganin halin kowa. Wani ya ce a ƙara wuta. A ƙara, shiru. Wani ya ce ma'aunin jabu ne, a kawo wani. A kawo, shi ma ya tsaya a wurin. A wani zama, wani dattijon malami, mutumin kirki da ya haura shekara ashirin yana riƙe da alli, ya karɓi ma'aunin, ya karkata shi, ya goge tabaraunsa ya sake dubawa, sannan ya matso kusa da ni ya ce ƙasa-ƙasa don kada matasa su ji: "Malam, ni fa in a aji ne, ɗari zan sa su rubuta." Ban ga laifinsa ba. Abin da aka yi masa ke nan sa'ad da yake ɗalibi.

Ma'aunin lafiyarsa lau. Jos ce take kan tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku. Iskar da ke danne saman ruwa a nan ba ta kai ta Legas nauyi ba, shi ya sa ruwa yake samun damar zama tururi tun zafinsa bai kai ɗari ba. Kusan digiri ɗaya ake rage wa duk hawan mita 300. Ɗarin da ke littafi ta bakin teku ce. Wanda ya ɗauki rishonsa ya hau ƙololuwar duwatsun Shere, da suka kai wajen mita 1,800, zai ga layin ya sake sauka da kusan digiri biyu. Wannan ne ma ya sa dafa abu irin wake yake ɗan ƙara jan lokaci a kan tudu.

To, Malama, malamin da idonsa zai ga 96 bakinsa ya ce 100, in kika cika masa ɗaki da gilasai me kika ƙara masa? Rashin kaya gaskiya ne, amma a ƙarƙashinsa akwai tsoro. Yana tsoron gwaji ya ƙi yi a gaban yara su yi masa dariya. Yana tsoron tambayar da ba shi da amsarta. Yana tsoron hayaniyar aji ta jawo shugaba ta leƙo ta taga. Da yawa daga cikin malamanmu a allo suka ga kimiyya, a takarda suka ci jarrabawarta, har suka karɓi takardar shaidar malanta ta NCE ba su taɓa haɗa batir da waya da ƙwan tocila da hannunsu ba. Na shiga ofishin wani hedimasta na tarar da madubin likita har huɗu a cikin kwalayensu, ba a ko ɓare ledarsu ba, gara ta ci gindin kwalayen. Da na tambaya, aka ce wanda ya fasa a albashinsa za a cire. Wa zai taɓa?

Abin da ke kashe bita

Kin san siffarta. Babban zaure, majigi, mai jawabi da makirufo, takardar sa hannu safe da yamma, shayi, kuɗin mota. A zaunar da malamai a yi musu laccar awa biyu a kan illar yi wa yara lacca. In ma an yi gwaji, mutum ɗaya ne yake yi a can gaba, saura suna ɗaga waya suna ɗaukar hoto. Kayan da aka gwada da su kuma babu irinsu a makarantar da malamin zai koma. Ranar Litinin ya shiga ajinsa na yara 70, ba ruwa, ba tebur, ba wanda zai tambaya in abu ya cije, sai ya koma ga abin da ya tabbata ya iya, wato rubuta darasi a allo a kwafa.

Akwai kuma cutar horo mai gangarowa, a horar da mutum goma su horar da ɗari, ɗarin su horar da dubu. Duk gangara ɗaya sai aikin hannu ya zube, bayani ya rage, kamar kunun da aka yi ta ƙara wa ruwa. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, sau da yawa ba mai koyar da darasin ake turawa ba, wanda layin alawus ya zo kansa ne.

Tunanin da ya dace ba baƙo ba ne a jihar nan. Shirin ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya da ake kira SMASE, wanda gwamnatin tarayya ta yi da tallafin hukumar JICA ta ƙasar Japan, a 2006 ya fara a Najeriya, kuma Filato tana cikin jihohi uku na farko tare da Kaduna da Neja. Kenya ce ta riga mu, tun 1998. Ginshiƙinsa mai sauƙi ne: ɗalibi ya yi aiki da hannunsa, a yi gwaji, a ƙirƙiri kaya daga abin da ke kusa; malami kuma ya shirya darasi, ya koyar, ya duba abin da ya faru, ya gyara. Amfanin wannan gare ki shi ne a cikin Jos akwai malamai da jami'an ilimi da suka bi ta wannan horo, kuma ta ofishin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ko na ƙaramar hukuma za ki iya neman su. Ga ƙungiyar malaman kimiyya ta ƙasa, STAN, wadda take aiki tun 1957. Ga tsangayar ilimi ta Jami'ar Jos, ga manyan makarantun horar da malamai na Pankshin da Gindiri. Mutane ba su yi ƙaranci ba. Abin da ke hannunki shi ne ki tsara yadda za a yi amfani da su.

Yadda nake so horon ya kasance

A cikin makarantarki za a yi shi, a ajin da malamai suke koyarwa, da kayan da za su iya samu gobe. Maimakon kwana uku a jere, a raba shi rabin yini duk mako biyu har zango ya ƙare, wato zama biyar ko shida. Kowane zama a ɗauki batu ɗaya tak daga abin da manhaja ta ce za a koyar cikin makonni biyu masu zuwa, don kada malami ya ji an ɗora masa wani sabon kaya a kan na da. Duk mai koyar da kimiyya ya zauna, har malaman ƙananan azuzuwa, ke ma ki zauna ki tattare hannun riga.

A zaman, malamai su ne ɗalibai. Kowa ya rubuta abin da yake tsammanin zai faru kafin a taɓa komai, sannan ya yi da hannunsa, sannan a yi gardamar dalili. Tambayoyi ukun nan, me kake tsammani, me ka gani, me ya sa, su ne kusan dukkan sana'ar. Rubuta tsammanin yana da muhimmanci, domin wanda bai faɗi hasashensa ba, in sakamako ya fito sai ya ce ai da ma ya sani.

Ga misalin da ban taɓa gajiya da shi ba. Darasin asid da alkali, wanda aka saba cewa sai da takardar litmus, wadda take canja launi in ta taɓa ɗaya daga cikinsu. A jiƙa busasshen zoɓo a ruwan zafi, ba sukari ba citta, a tace, a sirka shi da ruwa har haske ya riƙa ratsa shi. A zuzzuba a ƙananan kofunan roba farare. A ɗiga lemun tsami a na farko, jan ya ƙara haske ya buɗe. Ruwan tsamiya ma haka. A ɗiga jiƙaƙƙiyar kanwa a na uku, nan take ya juye ya yi duhu mai ratsin kore. Tataccen ruwan toka da ruwan omo su ma can suka nufa. A wani zama wata malamar aji uku, wadda tun safe ba ta ce uffan ba, ta tuntsire da dariya ta ce, "Kai, wannan ai aikinmu ne na kullum. In zoɓo ya cika tsami 'yar kanwa muke jefawa, kuma yakan yi duhu, ban taɓa kawo wa raina kimiyya ce ba." Na ce ta matse lemo a cikin kofin kanwar. Ya ɗan yi kumfa, kuma a gaban idonta jan ya fara dawowa. Abin da littafi yake kira kashe ƙarfin asid da alkali ke nan, kumfar kuma iskar kabon ce da ke fita daga kanwa. Daga wannan lokaci ita ta karɓe ragamar teburinsu, mazan suna miƙa mata kofuna. Mako na gaba yaranta suka zo da nono, da sabulun wanka, da man goge baki, da ruwan rijiyar gidansu, kowa yana son ya ga ɓangaren da nasa zai faɗa.

Dole kuma mai horarwa ya san kimiyyar kanta, ba dabarar koyarwa kaɗai ba, domin akwai gwaje-gwajen da ake yi daidai a fassara su a karkace. Sanannen cikinsu shi ne na kyandir a faranti mai ruwa, a kifa masa kwalba, wuta ta mutu, ruwa ya hau. An saba cewa ruwan ya cike gurbin iskar oksijin da ta ƙone, wai kashi ɗaya cikin biyar. Sa malamai su maimaita da kyandir uku. Ruwan zai hau fiye da na farko, alhali iskar kwalbar ba ta ƙaru ba. Babban dalilin shi ne wuta ta ɗumama iska ta kumbura, wata ta tsere ta ƙarƙashin bakin kwalbar, da wuta ta mutu sauran ta huce ta tsuke, ruwa ya bi. Malamin da ya ga bayanin da ya shekara goma yana bayarwa ya rushe a gaban abokan aikinsa, kuma ba wanda ya ci masa fuska, shi ne zai iya ce wa yaro "ban sani ba, zo mu gwada." Ranar wanka ba a ɓoye cibi, kuma zaman horo ranar wanka ce.

Sashe na biyu shi ne wanda bitar otal ba ta da shi. Cikin makonni biyun, malami ɗaya ya koyar da darasin ga ainihin yaransa, abokan aikinsa biyu ko uku suna ciki. Yara za su sa wa ido, ba malamin ba: wa ya riƙe kaya, wa ya zauna hannu a naɗe, me suka rubuta, a wane minti aka fara taɓa abu. Nakan sa mutum ɗaya ya riƙe agogo ya ƙirga mintocin da malami ya yi yana magana. Bayan an tashi, wanda ya koyar shi zai fara faɗin inda ya ji ya tafi daidai da inda ya cije, sannan saura. Malaman Japan sun daɗe da wannan al'ada ta nazarin darasi tare. A nan zan roƙe ki abu ɗaya, Malama: kada abin da aka gani a wannan aji ya shiga fayil ɗin kowa. Ranar da malami ya ji ƙishin-ƙishin cewa da shi za a auna ƙarin girma ko albashi, ranar zai koma allo.

Game da zaɓen mai horarwa, sai an gwada akan san na ƙwarai. Kafin ku yi ciniki, ki ce ya zo ya koyar da darasi ɗaya a ajinki mafi cika, da kayan da za a samu a kicin ko a kasuwar Taminus. In ya iso da kwali cike da robobi da igiya da gwangwani, alama ce mai kyau. In kwamfuta kaɗai ya rataya, ki ba shi ruwa ya sha ku rabu lafiya. Kuɗinsa kuma a biya kashi-kashi, kuma a rubuta cewa shiga aji tsakanin zama da zama yana cikin aikin.

Yara 70 a ɗaki ɗaya

Ana iyawa, amma da tsari. Rukuni goma na yara bakwai-bakwai, ke nan komai sai an tanadi guda goma, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna miki dalilin da ya sa zoɓo ya fi kayan kanti. Kowane yaro da aikinsa: mai ɗauko kaya, mai zubawa, mai aunawa, mai rubutu, mai faɗa wa aji. A riƙa juya ayyukan kowane mako, in ba haka ba za ki tarar maza uku sun mamaye kofuna, 'yan mata sun zama magatakarda har shekara ta ƙare. Kada a raba kaya sai an gama bayani, domin yaron da ke riƙe da mayen ƙarfe ba ya jin magana. A yi yarjejeniyar alamar tsayawa, tafi uku ko ƙararrawa. A jadawali kuma ki haɗa wa kimiyya darasi biyu a jere sau ɗaya a mako, domin minti 35 ko 40 a rabon kaya da kwashe su yake ƙarewa. Malami ya gwada komai shi kaɗai tun jiya, ba a fafe gora ranar tafiya. Hayaniya kuwa za a yi. Ki koyi bambanta surutun yaran da suke gardama a kan launin kofi da na yaran da ba su da aikin yi.

Batun harshe. Ajin Jos yakan haɗa Bahaushe da Birom da Afizere da Anaguta da Ibo da Bayarabe, kuma sau da yawa Hausa ce take haɗa su a filin wasa. Ki bar su su yi gardamarsu da harshen da tunaninsu yake gudu a ciki, bayan sun ga abin sai a ba su sunansa na Turanci su rubuta, tun da da shi za su zauna jarrabawa. Gwajin da marigayi Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara firamare da Yarabanci, ya nuna cewa harshen gida ba ya hana yaro kimiyya, bai kuma hana su Turancin ba.

Harabar makaranta kafin motar haya

In aka ce ilimin halittu da muhalli, hankalin kwamiti yakan tafi ga hayar bas. Ni harabar makaranta nake fara sa malamai su zagaya, da littafi da fensir, rabin awa ba magana. Sukan dawo da mamakin abin da suke wucewa kullum: suri, kauci a reshen mangwaro, gansakuka a jikin dutse, ƙadangare mai jan kai da wanda ba shi da shi, tsutsar sauro a tsohuwar taya. Kowane aji ya ɗauki itace ɗaya ya zama nasa, a riƙa zana shi duk wata, yaushe ya zubar da ganye, yaushe ya yi fure, wane tsuntsu yake sauka a kansa. Gwangwani mai miƙaƙƙen jiki da rula sun isa auna ruwan sama, yara su tara lissafin daminarsu su gwada da kusan milimita 1,400 da Jos take samu a shekara. Su rubuta ranar da suka fara ganin shamuwa da ranar da ruwan farko ya sauka.

Wanda na fi so shi ne sandar inuwa. A kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a fili, a tsaye cak, a riƙa auna inuwarta da tsakar rana sau ɗaya a mako. Tsakar ranar Jos ba sha biyu daidai ba ce a agogo, takan kusanci sha biyu da rabi, kuma yara da kansu za su gano ta in suka nemi lokacin da inuwa ta fi gajarta. A ƙarshen Disamba inuwar takan kai wajen santimita 65, tana fuskantar arewa. Tana ta raguwa har wajen tsakiyar Afrilu, sa'ad da rana take bi ta tsakiyar ka, inuwa ta kusan ɓacewa a gindin sanda. Daga nan ta ɓullo ta kudu, ta kai wajen santimita 24 a Yuni, ta sake ɓacewa a ƙarshen Agusta, ko da yake hadari yakan hana a gani. Yaron da ya karanta zawali da lokacin azahar a Islamiyya zai ga abin a ƙasa da idonsa. Ba a kashe ko sisi ba.

Bayan malamai sun saba da wannan, sai a fita. Dajin Amurum da ke kusa da Laminga yana da cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis, mai alaƙa da Jami'ar Jos, kuma an ƙirga tsuntsaye fiye da iri 300 a wurin. A duwatsun yankin nan akwai wani ɗan ƙaramin jan tsuntsu da sai a 1998 masana suka bayyana shi a matsayin jinsi na daban, da wani tsuntsun da yake saka ƙwansa a sheƙarsa har yana kwaikwayon kukansa. Ga gandun namun daji na Jos da aka kafa a 1972, ga gidan tarihi na 1952 inda ake ajiye da kawunan yumɓu na mutanen dā da ake kira Nok, waɗanda haƙar kuza ce ta tono su. A nemi izini tun da wuri, malamai su riga yara zuwa, kowane rukuni ya tafi da tambaya ɗaya da zai dawo da amsarta. In ba haka ba an yi yawon shan iska ne da cin biskit.

Tsaro kuwa ba a wasa da shi. Kududdufan da haƙar kuza ta bari suna da zurfi kuma gefensu yana zaftarewa, kada a kai yara bakinsu ɗibar ruwa ko talibambam. Yashin da ya rage a wuraren tace kuza kada a kawo shi aji, domin akwai ma'adinai a cikinsa masu fitar da radiyeshan, wani haske mai cutarwa da ido ba ya gani. Yashin harabar makaranta ya isa a ja mayen ƙarfe a ciki a ga baƙin garin da zai manne. Ruwan kerana da ake shinge da ita, da na tumfafiya, suna illa ga ido. Dutse da sanda ake juya shi saboda kunama. Wuta malami kaɗai yake kunnawa, ba a ɗanɗana komai ko da zoɓo ne, ba a kallon rana ta gilashi, kuma soda ta haɗa sabulu da ruwan batirin mota da wayar lantarkin bango ba su da wuri a ajin yara.

Kuɗin, da inda shawarata ta tsaya

Da ni ne, wajen kashi biyu cikin uku zan ware wa horon da bibiyarsa. Da sauran a sayi abin da ba a iya ƙirƙira: ma'aunin zafi mai jan ruwa, ba mai zaiba ba, gilasan ƙara girma guda goma ko fiye, tef ɗin awo irin na tela, sikelin kicin, sirinji marasa allura don auna ruwa, batura da waya. Mayen ƙarfe a wurin mai gyaran rediyo za a samu daga tsofaffin lasifikoki. A zuba a akwatin ƙarfe, makulli a hannun malami ba a ofishinki ba, kuma ki faɗa a gaban kowa cewa abin da ya fashe a bakin aiki makaranta ce za ta biya. A bar wani ɗan abu a gefe na sayen lemo da kyandir da kananzir kowane mako, domin irin waɗannan ƙananan kuɗi ne suke tsayar da gwaji in aka bar wa malami ya cire daga aljihunsa.

Duk abin da na faɗa na firamare da ƙaramar sakandare ne. Ranar da kuka buɗe babbar sakandare, zoɓo ba zai shigar da yaro jarrabawar aikin hannu ta WAEC ko NECO ba. A nan sai ɗakin gwaji na sosai, da gilasan awo da sinadarai da wanda ya san ajiyarsu. Horo kuma ba ya maganin malamin da ke bin albashin wata uku, ba ya hana wanda kika horar ya sami wani aiki ya tafi, shi ya sa na ce a horar da kowa, a kuma ajiye littafi ɗaya da ake rubuta kowane gwaji da yadda ya kasance. Ki kuma shirya wa ƙorafi: a zangon farko za a yi tafiyar hawainiya a manhaja, wasu iyaye za su buɗe littafin yaro su ga zane da lambobi maimakon shafuka cike da rubutu, su zo su tambaye ki ko malamai sun daina aiki.

Waɗannan iyaye da 'yan kwamitin da suke son a sayo kaya, bayani ba zai gamsar da su kamar gani ba. A zamanku na gaba ki sa a shigo da risho a dafa ruwan shayinsu a gabansu. Ki raba musu 'yan takardu, kowa ya rubuta digirin da yake tsammani, sannan ki miƙa wa shugaban kwamitin ma'aunin ya tsoma da hannunsa, kada ya bari ya taɓa gindin tukunya.